Darasi: Matasa da Abincin Tsirrai, a Gida da a Makaranta

A farkon watan Fabrairun 2022, makarantun gwamnati na birnin New York, waɗanda suka fi na kowane birni a Amurka yawan ɗalibai, suka shigo da sabon tsari. Duk ranar Juma'a, babban abincin rana da za a zuba wa yara babu nama a cikinsa, babu ƙwai, babu cuku, sai wake da shinkafa da kayan lambu da 'ya'yan itace. An dai bar madarar sha, saboda dokar tarayya ta wajabta a ba da ita. Magajin garin na lokacin, Eric Adams, shi ya tsaya kai da fata a kan lamarin. A 2016 likitoci suka tabbatar masa yana da ciwon suga, ya karkata ga cin tsirrai, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa hakan ne ya dawo masa da lafiyarsa.

A Fotugal kuwa doka ce tun 2017: duk wani ɗakin cin abinci na gwamnati, na makaranta ne, na asibiti ko na gidan yari, dole ya tanadi aƙalla kwano ɗaya da babu komai na dabba a ciki. Faransa ta fara nata a Nuwamban 2019, abinci mara nama sau ɗaya a mako a makarantu, ko da yake ita ta yarda da ƙwai da madara.

Masu cin tsirrai zalla sun fara haɗa kansu ne a Ingila a 1944, lokacin da Donald Watson da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar Vegan Society. Ba sa cin nama, kifi, ƙwai, nono ko man shanu, har zuma ba sa sha. Wasu tausayin dabbobin da ake cunkusawa a manyan gidajen kiwo na zamani ne ya kai su ga haka. Wasu lafiya: a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin hanji, kuma hukumar na ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana. Wasu kuma muhalli suke dubawa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwon dabbobi ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya.

Abin da ke bakin ƙofar makaranta

Mai karatun da ke Kano, Zariya, Maraɗi ko Damagaram zai iya cewa wannan zancen Turawa ne, mutanen da nama ya yi musu yawa har suka gundura. Akwai gaskiya a cikin hakan. Amma ya tsaya a bakin ƙofar wata sakandaren jeka-ka-dawo da lokacin tara, ya duba abin da 'yan talla suka jera: awara da yaji, ɗanwake da mai, ƙosai, alale, garau-garau, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, gurasa, dafaffiyar gyaɗa, kunun aya, zoɓo. In aka cire ƙwan da wasu ke yankawa a kan ɗanwake da ɗan kifin da ake sa wa alale, babu dabba a ciki ko ɗaya. Abin da birnin New York ke ɗaukar ƙwararrun masu girki su tsara masa, matan cikin gida a ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗora wa 'ya'yansu shi a faranti.

Ba abin mamaki ba ne. Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman farin wake, Nijar na biye da ita. Manomi na shuka shi a tsakanin gero da dawa, saiwarsa ta ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyar da tumaki da rani. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, wato sinadarin gina jiki, na waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Sannan hatsi da wake suna cike wa juna giɓi: akwai wani ɓangaren furotin da ya yi ƙaranci a gero, dawa, masara da shinkafa amma ya wadata a wake, akwai kuma wanda ya yi ƙaranci a wake amma hatsi na da shi. Wake da shinkafa, ko ƙosai da koko, ko tuwo da miyar gyaɗa, haɗi ne da masanin abinci ba zai samu abin gyarawa sosai a cikinsa ba.

Labarin awara ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne amsar tambayar wannan darasi, wato yadda za a jawo matasa ga abincin tsirrai. Kakannin matasan yau ba su tashi da awara ba. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990 ne cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, tare da wasu hukumomi, suka dage wajen koya wa mutane sarrafa waken suya a gida. Mata suka karɓi abin suka mai da shi nasu. Su jiƙa waken, su kai markaɗe, su tace, su tafasa madarar, su zuba ruwan tsami ta dunƙule, su matse ta a ƙyalle, su yanka su soya. Yau babu unguwar da ba a jin ƙamshinta da yamma, kuma samari da 'yan mata ne manyan masu sayenta. Babu wanda ya tara su ya yi musu lacca a kan furotin. Awara ta shige su ne saboda tana da daɗi, tana da araha, ana samun ta da zafinta, kuma tana nan a daidai inda yunwa ke kama su.

Inda gizo ke saƙa shi ne daraja. A al'ada nama ne alamar wadata da karamci: baƙo na kirki a yanka masa kaza, miyar da babu tsoka a ce lami ce. Garau-garau kuwa abincin ƙarshen wata ake ɗaukarsa. Matashi yana lura da wannan tun yana ƙarami, kuma a shekarun da ya fi damuwa da yadda abokai ke kallonsa, ba ya son a gan shi da abin da zai nuna gidansu babu. Idan kuɗin tara ya ɗan yi kauri, sai ya tsallake mai zogale ya nufi indomi, biskit, cincin da lemon kwalba. Saboda haka a yawancin garuruwan Hausa ba nama ne ke ture wake da ganye daga farantin matashi ba, fulawa ce da suga da mai. Duk uban ko malamin da bai gane wannan ba zai ɓata ƙarfinsa yana faɗa da abokin gabar da ba shi ne a fagen ba.

Abin da ke jawo su da abin da ke korar su

Tilas ba ta cika haifar da ɗa mai ido ba. A Fabrairun 2021 magajin garin Lyon a Faransa, Grégory Doucet, ya cire nama daga abincin makarantun birnin na wani lokaci, da hujjar sauƙaƙa rabon abinci a zamanin korona. Kifi da ƙwai suna nan, amma duk da haka manoma suka fito zanga-zanga da taraktocinsu da dabbobinsu, ministoci suka shiga cacar baki, maganar ta tashi daga abinci ta koma siyasa. A New York ma ranar farko ba ta yi armashi ko'ina ba: hotunan wasu farantai marasa ban sha'awa sun yi ta yawo a intanet, iyaye na ƙorafi. Abincin da aka tilasta, kuma bai yi daɗi ba, kwandon shara yake ƙarewa.

Masu bincike a Jami'ar Cambridge sun gwada wata hanya. Sun bi diddigin abinci fiye da faranti 94,000 da aka sayar a ɗakunan cin abinci uku na jami'ar, suka buga sakamakon a 2019. Ba a hana kowa nama ba. An dai ƙara yawan abinci mara nama daga kala ɗaya cikin huɗu zuwa biyu cikin huɗu, sai cinikinsa ya ƙaru da kashi 41 zuwa 79 cikin ɗari, kuma waɗanda suka fi canzawa su ne waɗanda a da suka fi cin nama. A Jami'ar Stanford ta Amurka kuwa, a wani bincike da aka buga a 2017, sunan abincin kawai aka canza. Kayan lambu iri ɗaya, girki iri ɗaya, amma ranar da aka rubuta musu suna mai tsinka yawu, masu ɗiba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a kan ranar da aka rubuta sunan kawai. Ranakun da aka rubuta cewa abincin na da amfani ga lafiya su ne aka fi guje masa. Ɗaliban jami'a ne aka yi wa waɗannan gwaje-gwaje, amma duk uwar da ta taɓa ce wa ɗanta "ci, magani ne" ta ga yadda fuskarsa ta koma.

Gwajin da ya fi kusa da shekarun da ake magana a kansu an yi shi ne a wata makaranta a jihar Texas, kan yara 'yan shekara 13 zuwa 15, ƙarƙashin Christopher Bryan da David Yeager. Wasu yaran an ba su bayanin da aka saba, na amfanin abinci mai kyau ga jiki. Wasu kuma an nuna musu yadda manyan kamfanoni ke tsara kayan maƙulashe don a kasa daina ci, da yadda tallarsu ke farautar ƙananan yara da talakawa. Rukuni na biyu ne suka fi rage sayen kayan zaƙi, musamman maza, kuma canjin ya ɗore watanni. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya yi renon saurayi. Ciwon da zai zo bayan shekara talatin ba ya tsorata shi, amma ba ya ƙaunar jin cewa wani na juya shi yana cin kuɗinsa.

A cikin gida

Idan yaro ya leƙa tukunya ya ce, "Umma, yau ma wake?", yawanci ba waken yake ƙi ba, maimaicin yake ƙi. Mudu ɗaya na wake na iya zama ƙosai ranar Asabar, alale ranar Litinin, faten wake da alayyafo ranar Laraba, ɗanwake ranar Juma'a. Ganye ma haka: zogale, rama, tafasa, yakuwa, ɗinkin da lansir kowanne da ɗanɗanonsa, a kwaɗo, a dambu ko a fate. Abin da ke sa miya mara nama ta yi armashi shi ne daddawa mai kyau, albasar da aka soya ta yi ja, citta, tafarnuwa, niƙaƙƙiyar gyaɗa ko riɗi, ba tulin dunƙule ba. Ana iya soya awara a zuba ta cikin miyar tumatir kamar tsokar nama, ko a barbaɗe ta da yajin tsire a gasa.

Matashi ya fi cin abin da hannunsa ya taɓa. A ba shi kuɗin cefanen rana ɗaya a mako, shi ya zaɓi abin da za a dafa, ya je kasuwa, ya tsaya a kan girkin, da sharaɗi ɗaya: ya fito da abinci mai daɗi ba tare da ya biya wurin mahauci ba. Wannan ya haɗa da 'ya'ya maza. Yaron da zai tafi makarantar kwana, jami'a ko bautar ƙasa bai iya dafa wake ba, indomi zai rayu a kai. Sannan manya su duba nasu kwanon. Idan Abba ne kullum ake tsame wa nama, yara kuma a bar su da ganye, sun riga sun koyi wanne ne abincin manya, kuma babu bayanin da zai goge wannan.

Wanda ya ce zai bar kayan dabba gaba ɗaya

Yanzu waya na hannun kowane matashi, kuma ana samun wanda zai dawo gida ya ce ya daina cin nama, ƙwai da nono kwata-kwata. Dariya ko faɗa ba za su amfane shi ba. Abin da yake buƙata shi ne a zauna da shi a yi lissafi, domin jikin da ke cikin girma ba ya jure giɓi.

Na farko kuma mafi hatsari shi ne bitamin B12. Babu wani tsiro, ko zogale, ko daddawa, da za a dogara da shi wajen samunsa. A nama, kifi, ƙwai da nono yake. Abin da ake buƙata kaɗan ne, maikirogiram 2.4 a rana ga ɗan shekara 14 zuwa 18, amma rashinsa na kawo ƙarancin jini, kasala, mantuwa, jin dindiris a hannu da ƙafa, har da lalacewar jijiya da ba lallai ta gyaru ba. Hanta na ajiye shi na tsawon lokaci, shi ya sa matsalar kan ɓoye shekara da shekaru kafin ta bayyana. Duk mai cin tsirrai zalla dole ya sha ƙwayar B12 a kai a kai, bisa shawarar likita ko ma'aikacin lafiya. Ita kanta ƙungiyar Vegan Society haka take gaya wa mabiyanta.

Na biyu sinadarin ƙarfe, wanda jini ke ginuwa da shi. A ma'aunin Amurka budurwa 'yar shekara 14 zuwa 18 na buƙatar miligiram 15 a rana, saurayi 11, saboda ita tana zubar da jini duk wata. Wake, gero, riɗi da ganye suna da shi, sai dai jiki ba ya zuƙar na tsirrai da sauƙi kamar na nama. Dabarar ita ce a haɗa da abu mai bitamin C a lokaci guda: a matsa lemon tsami a kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir a kan garau-garau, a ci goba ko lemo bayan abinci, ko a sha kunun garin 'ya'yan kuka. Shayi kuwa yana tare hanyar sinadarin, don haka a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Jiƙa wake kafin dafawa da barin gasara ta yi tsami suna taimakawa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Najeriya, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini.

Sai kalsiyam, da ƙashi ke buƙata sosai a waɗannan shekaru, har miligiram 1,300 a rana a wancan ma'auni. Wanda ya bar nono sai ya riƙe miyar kuka, zogale da riɗi da gaske. Gishiri ya zama mai aidin. A rage kanwa a girkin wake, domin tana kashe bitamin B1, a kuma zubar da duk gyaɗar da ta yi funfuna, saboda gubarta na lalata hanta. Akwai kuma abin da iyaye mata za su sa wa ido: wata yarinyar kan fake da barin nama alhali abinci ne gaba ɗaya take gudu don ta rame. Idan tana ramewa, tana jiri, ko al'adarta ta ɗauke, asibiti za a nufa.

Dole a faɗi wani abu ƙarara. Wancan bincike na 2018 ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A gidan da ƙwai ɗaya ko ludayin nono shi ne kaɗai kayan dabbar da yaro zai gani a mako, cire shi cutarwa ce, ba wayewa ba. Haka nan Bafulatanin da ke kiwo a dajin da ba ya nomuwa ba ɗaya yake da kamfanin da ke sare daji a Brazil don kiwon shanu ba. Ta fuskar addini kuma, nama halal ne, ana layya, ana yankan suna, kuma babu mai ikon haramta abin da Allah ya halatta. Rage cin wani abu don lafiya ko tsada daban, ɗaukarsa haramun daban, kuma ya kamata matashi ya san wannan bambanci tun da wuri. Ga yawancin gidaje, abin da ya dace a nema shi ne wake da ganye su yawaita a faranti, kayan leda da na kwalba su ragu.

A makaranta

Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayyar Najeriya, wanda aka ƙaddamar a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare ya shafa. Ɗan sakandare na jeka-ka-dawo yana hannun 'yan talla, na kwana kuma yana hannun ɗan kwangila. Tsofaffin ɗaliban kwana da yawa sun tsani wake har girmansu, saboda wanda aka ba su ruwa ne tsululu, ƙwari na iyo a sama. Wannan na da magani mai sauƙi. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, yana toshe iska ƙwarin su mutu ba tare da an zuba maganin ƙwari ba, kuma manoman Najeriya da Nijar sun san shi. Makarantar da ta sayi wake da kaka ta adana shi haka za ta ci mai kyau da araha har damina.

Ƙungiyar iyaye da malamai na da abin yi ba tare da jiran gwamnati ba. Maimakon korar 'yan talla, a ba masu awara, zogale, alale da 'ya'yan itace rumfa mai inuwa kusa da ƙofa, da ruwan wanke hannu da sharaɗin rufe abinci da canza man suya, masu lemon kwalba kuma su matsa baya. A shuka zogale a jikin katanga, tunda ba ya son ruwa da yawa kuma cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa. Malamin aikin gona da malamar koyon girki su haɗa kai, abin da aka noma a lambun makaranta shi za a dafa a aji. A bar ɗalibai su ɗanɗana su zaɓi abin da zai shiga jadawalin abinci, su kuma raɗa masa sunan da suke so.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rubuta, ko ya faɗa a rubuta masa, duk abin da wani matashi na gidansu ya ci daga safiyar jiya zuwa dare, har da abin da ya saya da kuɗin tara. A aji a ware wanda ya fito daga gona kai tsaye, wanda ya fito daga dabba, da wanda ya fito daga leda ko kwalba. Daga nan a kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya tsara abincin kwana uku mara nama ga gida mai mutum shida, da farashin kasuwar garinsu na wannan mako, ya nuna inda furotin, sinadarin ƙarfe da bitamin C za su fito, ya kuma faɗi abin da zai ƙara idan ɗaya daga cikin yaran ba ya cin ƙwai ba ya shan nono.